Toka da Kujerar da Na Ɗauke

Ummi, wannan babin naki ne, ko da yake ina so Nura da Sadiya su ma su karanta shi. Watan jiya da muke magana a waya kika ce mini kin sa an mayar da 'yar kyanwar da yaranki suka tsinto, kika ƙara da cewa ai na san tarihinki da kyanwa. Na yi dariya, na ce na sani. Labarin da kike riƙe da shi game da tabon da ke ƙasan girarki ta hagu ba haka ya faru ba. Ni na tsara shi da bakina wata Asabar da yamma, kakarku Inna ta ɗauka ta yaɗa, mahaifiyarku Binta kuma ta yi shiru a kansa har ta koma ga Allah. Ban san kwana nawa suka rage mini ba, don haka zan faɗe shi yadda yake.

Sunan kyanwar da ta ji miki ciwon Toka, don launinta ke nan, sai ɗan fari a ƙirji. Ta riga ni shiga rayuwar mahaifiyarku. Mahaifin Binta, Malam Haruna, hatsi yake sayarwa, gidansa yana Kurmin Mashi, kuma a ɗakin da yake tara buhuna Binta ta tsince ta tana 'yar mitsitsiya, a daminar da mahaifiyarta ta rasu. Shekarar Binta goma sha huɗu a lokacin. Da cokali ta riƙa ɗura mata madara har ta rayu. Ranar da aka kawo mini amarya gidanmu na Malali, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida mai bishiyar gwaiba, akwai wani kwando rufe da zane da ta hana kowa ɗauka. 'Yan kai amarya suna ta tsokana wai har da kyanwa a kayan ɗaki. Ni ma na yi dariya. Na ɗauka ƙuruciya ce, za ta wuce.

Shekara tara muka yi Allah bai ba mu haihuwa ba. A cikin shekarun nan Malam Haruna ya rasu, aka sayar da gidansa, 'yan'uwan Binta suka watse, wasu Kano, wasu Legas. Ni akawu ne a ma'aikatar ayyuka. In na hau babur ɗina Besfa da safe, ba na dawowa sai la'asar, wani lokacin ma in biya majalisar abokai sai gab da magariba. Binta tana gida da keken ɗinkinta da Toka. Sau da yawa in na shigo ba ta ji sallamata ba saboda ƙarar keke, sai in ji tana yi wa kyanwar hira: wance ta kawo ɗinki tana ta ƙorafi, gwaiba ta fara nuna, yau kanta yana ciwo. A lokacin abin dariya yake ba ni. Yanzu da nake zaune ni kaɗai a gida na gane cewa hirar da ban tsaya na saurara ba ce take yi wa kyanwar. Ban tsani Toka ba, ban kuma damu da ita ba. Tana nan kawai, kamar randa ko turmi.

Da Allah ya kawo cikinki, Toka ta tsufa. Ta kai shekara goma sha huɗu, haƙoranta sun zube saura kaɗan, ta daina kama ɓera, in za ta tashi daga kwance sai ta yi jim kafin ƙafafun baya su ɗauke ta. Mata suka fara zuwa da shawara: a fitar da ita tun kafin haihuwa. Binta takan saurare su, ta yi godiya, ta ci gaba da abin da ta sa gaba. Tun cikin yana wata biyar ta fara rufe ƙofar ɗakin kwananmu, ta hana Toka shiga, alhali shekara tara a ƙarshen gadonmu take kwana. Kwana uku kyanwar tana kuka a bakin ƙofa, Binta tana share hawaye a ciki, amma ba ta buɗe ba. Na tambaye ta dalili.

"Malam, in na bari sai jariri ya zo sannan na kore ta, za ta san saboda shi ne. Gara ta saba tun yanzu."

Ta sa na kira kafinta daga Badarawa ya yi wa ɗakin ƙofar raga, yadda iska za ta shiga, kyanwa ta leƙa ta ga abin da ake yi, amma ba ta shiga ba. Ta sa na ɗauke ta a kwali zuwa asibitin dabbobi, ina ta jin kunya kada abokan aiki su gan ni, aka yi mata allura, aka ba ta maganin tsutsa, aka rage mata farce. Likitan ya latsa ƙugunta, ta yi ƙara. Ya ce akwai ciwon tsufa a wurin, kada a bari wani ya danne shi. A wajen awon ciki kuma aka ce wa Binta mai ciki ba ta taɓa kashin kyanwa, don haka tsohon baho mai yashi da ke bayan gida ya zama aikina, ina yi ina ƙunƙuni. Abu na ƙarshe da ta yi shi ne ta shimfiɗa tsohon zane a saman kabad ɗin falo. Toka ba ta iya tsalle kamar da, sai Binta ta ajiye wata 'yar kujerar katako a gindin kabad ɗin. Daga ƙasa ta hau kujera, daga kujera ta hau hannun kushin, daga nan ta haye sama. Da busasshen kifi ta koya mata hanyar, sai da ta iya.

"Kujerar nan ba ta zama ba ce daga yau," in ji ta. "Ranar da yaro ya fara rarrafe, dole ta samu wurin da hannunsa ba ya kaiwa. Dabba in tana da hanyar gudu ba ta faɗa."

Aka haife ki a shekarar da aka raba jiha, mutanen Katsina suna ta ɗaure kaya za su koma sabuwar jiharsu. Na sa miki sunan Inna, shi ya sa muke kiranki Ummi. Tun kuna asibiti Binta ta ba ni ɗan zanen da aka fara naɗe ki da shi, ta ce in kai gida in ajiye wa Toka ta shinshina. Na kai, na jefa a ƙasa. Kyanwar ta zagaya shi, ta shinshina, ta kwanta a gefensa. Da yake Binta ba ta da uwa, Inna ce ta zo daga Zariya ta yi mata wankan jego. Tana shigowa ta ga Toka kwance a inuwar gwaiba, ta tsaya cak da ƙullin kayanta a ka.

"Garba, har yanzu magen nan tana gidan nan? Da jinjira a ɗaki?"

"Inna, an yi mata allura."

"Allura ce za ta hana ta hawa fuskar yarinya? Ɗumi suke bi, da ƙanshin nono. Ni da idona na ga wadda aka tarar kwance a ƙirjin jariri. Ku 'yan boko sai abu ya faru."

Binta ta durƙusa ta ce, "Gaskiyarki Inna, suna bin ɗumi. Shi ya sa aka yi ƙofar raga, ga kuma gidan sauro a gadonta. Na yi miki alkawari ba za a taɓa barinsu su biyu ba kowa, ko na ƙiftawar ido."

Inna ba ta gamsu ba, amma ta ga ƙofar, ta ja ta ji ƙarfinta. Kada ku ɗauka kakarku muguwa ce. 'Ya'ya uku ta binne kafin ni, kuma shekara tara tana roƙon Allah ya nuna mata jika daga wurina. Tsoro ne yake magana a bakinta. Ta yi arba'in ta koma Zariya, tana tafe tana jaddada mana.

Wata tara tsarin Binta bai taɓa kuskure ba. In za ta shiga wanka, ko dai ki kasance a ɗaki an rufe raga, ko Toka ta kasance a tsakar gida an rufe falo. Ba ta taɓa canza lokacin abincin kyanwar ba, ko kina kuka. In kin yi barcin rana sai ta zauna a tabarma ta ɗora Toka a cinya tana shafa ta, wai kada ta ga an manta da ita. Da kika fara zama sai ta riƙa riƙe hannunki tana bi da shi a bayan kyanwar a hankali, daga wuya zuwa tsakiyar baya, ba ta kai shi ƙugu. Ta koya mini alamomin: in kunnuwa suka kwanta, in jela ta fara dukan ƙasa, a ɗauke yarinya. Toka kuwa takan zauna nesa kaɗan tana kallonki. In kin yi kuka a ɗaki Binta tana kicin, sai ta je ƙofar kicin ta yi ta kuka ita ma har a fito. Da kika fara rarrafe kika mayar da ita abin kamu. Tana ganin kin nufo ta sai ta tashi a hankali, kujera, kushin, kabad, ta kwanta a sama tana leƙenki, ke kuma kina ƙasa kina bubbuga hannu kina dariya. Wannan shi ne zamanku da ita. Ba wanda ya taɓa faɗa miki wannan ɓangaren.

Ranar da abin ya faru Inna tana gidan, ta zo a duba mata ido. Aka yi rasuwa a Badarawa, a gidan wasu dangi, kuma yaran gidan suna fama da ƙyanda, don haka Binta ba ta so ta tafi da ke. Ta shayar da ke, ta zaunar da ke a tabarmar falo da murfin kwano kina wasa. Ta sa mayafi, ta kai bakin ƙofa, ta dawo.

"Malam, ko in sa ta a ɗaki in rufe?"

"Haba Binta, ina zaune a nan. 'Yata ce fa."

"To in za ka fita, ko ƙofar gida ce, ka ɗauke ta."

Na ce mata ta tafi, Inna tana jira. Ba su daɗe da fita ba aka yi sallama. Malam Lawal ne, shugabana a ofis, mutumin Katsina, yana cikin waɗanda za su koma sabuwar jiha. Na fita. Na ce ya shigo, ya ce sauri yake, magana ɗaya ce. Maganar ita ce ya ba da sunana a ba ni kujerarsa in ya tafi, amma akwai wani da yake nema ta bayan fage. Shekara shida ina jiran ƙarin girma. Kunnuwana suka buɗe. Da na ga maganar za ta yi tsawo, kuma babban mutum yana tsaye a rana, sai na koma ciki da sauri in samo masa abin zama. Abin da hannuna ya fara kaiwa shi ne kujerar Toka. Na gan ki a tabarma. Na ga kyanwar kwance a gindin kabad. Ba zan ce ban gan ku ba. Na ce a raina minti biyu ne. Na ɗauki kujerar, na kuma jawo ƙofar falo na rufe don kada ki rarrafo waje. Da hannuna na ɗauke mata hanyar sama, da hannuna na rufe mata hanyar waje.

Mun fi minti ashirin muna magana. Sai muka ji ƙarar kyanwa irin wadda ban taɓa ji ba, sannan ihunki. Da na banka ƙofar na tarar kin ritsa ta a lungun da ke tsakanin kabad da bango. Hannunki cike da gashinta, na ƙugu, daidai inda likita ya ce kada a taɓa. Jini ya rufe miki ido. Toka ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta fice tana jan ƙafar baya. Malam Lawal ya sa mu a motarsa zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Aka wanke, aka duba, aka ce Allah ya tsare, ƙwayar idon lafiya lau, fatar ƙasan gira ce ta tsage. Aka yi miki allura aka manna filasta. Ya sauke mu a bakin layi ya wuce, don yana da baƙi a gida. Ina isowa na tarar da Binta da Inna a ƙofar gida, maƙwabta sun riga sun gaya musu an ga na fita da yarinya cikin jini. Binta ta karɓe ki, ta ɗaga filastar ta duba, sannan ta dube ni.

"Kana ina, Malam?"

Daga bakin layi zuwa ƙofar gida ban shirya ƙarya ba. Amma ga Inna tsaye, ga matan maƙwabta uku, ga matata da ta dawo daga bakin ƙofa ta gargaɗe ni. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ina zaune a falon. Yarinya tana wasanta, ko kusa da ita ba ta je ba. Kawai sai ta taso ta daka mata tsalle."

Inna ta tafa hannu ta saki salati. "Ban faɗa ba? Ban faɗa muku ba? Da idon ya tsiyaye fa? Ke Binta, shekara tara kina neman haihuwa, Allah ya ba ki, kika fifita mage a kan 'yarki!"

Binta ta shiga da ke ɗaki. Bayan magariba na gan ta tsugune a bayan duron ruwa inda Toka ta ɓuya, ba ta taɓa ta ba, kallonta kawai take. Da ta taso ta same ni a tsakar gida, muryarta a ƙasa.

"Ka tabbata ba ta ja ta ba? Ko jela?"

Nan ne Allah ya ba ni dama ta biyu. Ba kowa a wurin, daga ni sai ita. Na ce na tabbata.

"To in har za ta yi haka kana zaune, ban san ta ba ke nan," in ji ta. "Tsufa ya taɓa mata kai. Ka nemo inda za a kai ta."

Washegari Lahadi na tuna da wani mai hatsi a kasuwar Kawo, Alhaji Sule, wanda ya san Malam Haruna. Binta da kanta ta huda kwali, ta shimfiɗa tsohon zanen saman kabad a ciki, ta ƙulla busasshen kifi a takarda. Ta kira Toka. Kyanwar ta fito daga bayan duro tana ɗingishi, ta zo ta goga kai a ƙafarta kamar kullum. Binta ta ɗauke ta ta sa a kwalin, ta rufe da hannunta. Ta ce in gaya wa Alhaji ba ta iya tauna abu mai tauri, a riƙa jiƙa mata. Ba ta rako ni ƙofa ba. Na ɗaure kwalin a bayan Besfa, kyanwar tana kuka tun daga Malali har Kawo, ni kuma ina ƙara wuta don kada in ji. Alhaji Sule ya karɓa don kunyar marigayi, ya sake ta a cikin sito.

Bayan nan gidan ya yi shiru. Inna ta koma Zariya da labarinta. Binta ta daina yarda da kanta. Matar da ta tsara komai da natsuwa ta koma tambayata ƙananan abubuwa: ruwan wankan nan bai yi zafi ba? In ba ta kunu ko in bari? Ko kicin za ta shiga sai ta goya ki. Wata rana na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa ita ce da laifi, taurin kai ne ya kusa sa ta makantar da 'yarta. Ina ɗaki ina ji, ina gyara wuyan riga.

Kwana goma sha shida bayan haka Malam Lawal ya zo sallama da matarsa, don motar kayansu za ta tashi washegari. Binta ta kawo musu abinci. Ya ɗauke ki yana duba tabon, ya girgiza kai.

"Wallahi Malama Binta, abin nan yana damuna. Ni na tsare maigidanki a ƙofar gida da surutun ofis. Da ban zo ba, da yana ciki."

Binta tana zuba ruwa a kofi. Ta cika kofin ta miƙa masa. Ta ce, "Ba komai Malam, ƙaddara ce." Ta zauna aka yi hira, ta ba matarsa turmin atamfa, ta raka su har mota. Da muka dawo ciki ta rufe ƙofa, ta tsaya a tsakiyar falo.

"Ranar nan da na dawo na ga kujerar a ƙofar gida. Hankalina yana kan yarinya, ban tsaya tunani ba. Kai ka fitar da ita?"

"Ni ne."

"Ƙofar falo fa?"

"Na rufe."

Ta daɗe tana kallon lungun kabad ɗin. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Da ka ce ka fita, da na yi fushi na kwana biyu ya wuce. Kowa yana kuskure. Amma ka bari na sa ta a kwali da hannuna, Malam. Ta zo da na kira ta."

Ta goya ki, ta sa mayafi, ta ce in tayar da babur. Muka tarar da Alhaji Sule yana awo. Ya ce kyanwar ta shige bayan buhuna ta ƙi fitowa, abincin da ya ajiye mata sai tururuwa. A rana ta biyar da ya buɗe sito da safe ta fito ta gefen ƙafarsa, ta bi lungu ta nufi babban titi. Bai sake ganinta ba. Ya ce ya so ya aiko, bai san gidanmu ba. Binta ta yi masa godiya. Ta shiga kasuwar tana leƙa ƙarƙashin tebura da bakin kwata, tana kiran Toka, 'yan kasuwa suna kallonta, wasu suna dariya. Ina biye da ita ina tura babur. Asabar huɗu muka yi muna haka, daga Kawo mu gangaro ta Badarawa, lungu-lungu, ko ta kamo hanyar gida. Har Kurmin Mashi muka je, gidan da aka sayar, ko can ta tuna. Binta takan bar ƙofar gida a ɗan buɗe da kwanon ruwa a gefe. Da damina ta sauka ta ɗauke kwanon, ba ta sake maganar ba.

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don mun ƙara shekara ashirin da shida tare, ta haifa mini Nura da Sadiya, ba ta taɓa goranta mini ba. Amma na roƙe ta wani abu da bai kamata ba. Na ce kada Inna ta ji.

"Ni ba zan faɗa ba," in ji ta. "Ba aikina ba ne in tona mijina wajen mahaifiyarsa. Kai za ka faɗa, ranar da ka shirya."

Na samu kujerar Malam Lawal. Na yi ta cewa sai Inna ta zo, in ta zo in ce sai ta huta, in ta huta in ce ba ta da lafiya. Ita kuwa a kowane suna da biki sai ta jawo ki ta nuna wa mata tabon, ta ba da labarin surukarta mai taurin kai da muguwar mage, da yadda ta yi gargaɗi aka ƙi ji. Binta tana zaune a wurin, tana murmushi, tana raba goro. A bakin Inna kuka koyi labarin, har Allah ya karɓi ranta ban gyara ba. Bayan rasuwarta kuma sai na ce wa kaina ai magana ta wuce, tayar da ita ba amfani.

Kina da shekara goma sha ɗaya, wata ranar Juma'a bayan mun dawo daga masallaci, muna zaune a tsakar gida Binta tana yi miki kitso. Ban sani ba ko kin tuna. An tsokane ki a makaranta a kan tabon, kin dawo ranki a ɓace. Kika juyo kika ce:

"Umma, me ya sa kika ajiye muguwar kyanwa a gida alhali an ce miki za ta cuce ni? Kin fi sonta da ni ne?"

Hannun Binta ya tsaya a kanki. Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, ta jira. Nura yana wasa a gefe, ba baƙo, ba Inna, ba wanda zan ji kunya sai ku. Magana ce da ba ta wuce numfashi uku ba: kyanwar ba ta da laifi, mahaifiyarki ba ta da laifi, ni na tashi na bar ki. Na buɗe baki, Ummi, sai na ce ki je ki ɗebo mini ruwa a randa.

Kika tashi da rabin kitso kika kawo. Na sha. Binta ta ce ki zauna, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da kitson.